Shekarar Da Ja'e Ya Daina Zagina

Da za a ce in goge rana guda daga cikin kwanakina, ba ranar gobarar zan goge ba, ko da yake ita kowa ya fi tunawa. Wata ranar kasuwa zan goge, wadda ta riga ta, ranar da na sa mutane suka yi ta dariya a zaurena. Ku 'ya'yana kun taso kuna jin ana cewa ubanku ne ya kafa ƙungiyar kashe wutar daji ta garinmu. Kun ga takardar yabon da ke rataye a ɗakina, har wasunku suna nuna wa baƙi. Gaskiya ne, ni na kafa ta. Amma ni ne kuma na kusa binne ta da hannuna, kuma har yau in na tuna, zuciyata tafasa take, ina jin haushin kaina da na mutanen da suka zauna suna tafa mini.

Ku da kuka yi karatu a Damagaram kun fara manta abin da ciyawa take a wurinmu nan Damargu. In damina ta ɗauke, ƙarangiya ta bushe a arewacin gari har iya ganin ido, ita ce abincin kowace dabba sai wata damina ta faɗi. Saniyar Bafulatani, raƙumin Buzu, akuyar tsohuwar da ke cikin gari, duk ita suke jira. Ga shi kuwa ba ta da wuyar kamawa. Garwashin mai dafa shayi da bai binne ba, ko guntun taba da aka jefo daga babbar mota, ya isa. Aikinmu iri biyu ne. Kafin ciyawa ta gama bushewa mu share wani layi mai faɗi a tsakiyar daji, da hauya da manjagara, a ɗaura wa raƙumi reshen ƙaya ya ja, har ƙasa ta fito fili. Wuta in ta iso nan ba ta samun abin ci, sai ta mutu. In kuma ta tashi, mu fita da jiƙaƙƙun buhuna da rassan aduwa da amalanken ruwa. Ba a biyan kowa. Manomi da makiyayi, kowa don Allah yake yi, da kuma don dabbarsa.

Ni aka ba shugabanci saboda na ɗan taɓa lakwal, makarantar boko, ina iya gaisawa da Faransanci ba tare da na ji kunya ba. Da wani poroje na masu ba da taimako ya ga aikinmu ya ba mu kaya, shebur da manjagara da buhuna da jarkoki da amalanke sabo, sai aka zuba su a magaza, ɗakin ajiyar da ke bayan gidana. Makulli guda ne, yana aljihuna tare da gorona. Tun daga nan sunana Isuhu ya ɓace, kowa furzidan yake ce mini, wato shugaba. Ba a fita share layi sai na ce. Ba a ɗaukar shebur sai na buɗe. Taro a zaurena, ranar kasuwa, ni zan fara magana, dattawan gari su bi, in an gama sai a waiwayi mutanen daji, makiyaya, lokacin rana ta karkata suna sauri su koma shayar da dabbobi. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Ina ganin haka ake riƙon jama'a.

Ja'e Bafulatani ne, yana zaune da iyalinsa a rijiyoyin arewa, wajen hanyar Tenhiya. Shi ke riƙe mini 'yan shanuna tun kafin a haifi babbanku. Kun san mu jinin Barebari ne, kuma kun san abin da ke tsakaninmu da Fulani. Wasa ne da muka tarar, kowa yana cewa ɗan uwansa bawansa ne, a zagi juna a tsakiyar kasuwa, ba mai ikon yin fushi. Wanda ya yi fushi shi ya ji kunya, har a riƙa nuna shi. Ja'e kuwa gwanin abin ne. Da ya hango ni zai ɗaga murya, kasuwa duk ta ji.

"Ina bawan nan nawa mai tsage? Zo ka riƙe mini sanda, in na ji daɗi in ba ka ragowar nono."

"Ɗan daji," in ce masa, "matsa can, kada ƙudan da ka kwaso su cinye mini goro."

Haka muke tun muna samari. In mako ya wuce bai zage ni ba, sai in aika a duba ko lafiya.

A shekarar da nake ba ku labari an yi damina mai kyau, ciyawa ta kai gwiwa, hatsi ma ya yi. Manoma duk suka duƙufa ga girbi, layin da ya kamata a share a arewa aka bar shi sai an gama. Da safiyar ranar taro Hashimu ya zo wurina. Shi ne mataimakina, mutum ne mai daɗin baki, in na yi tari zai ce tarin nan akwai hikima a cikinsa. Ya zauna kusa da ni ya rage murya.

"Furzidan, na ji Fulanin arewa sun shirya magana. So suke a raba kayan ƙungiya. In aka raba, gobe masu poroje in sun zo, gidan wa za su tambaya? Naka ko bukkar Ja'e?"

Maganar nan ta shige ni. Ita na yi ta juyawa har aka cika zaure.

Da aka zo kan mutanen daji, Ja'e ya miƙe ya cire malfarsa. Ban taɓa ganin ya cire mini malfa ba. Bai ce bawana ba, bai ce mai tsage ba.

"Jama'a, ciyawar bana ta yi yawa, iskar gabas kuma ta fara. Ku kuna girbi, ba mu ga laifinku ba. A ba mu kaya mu fara share layin arewa yanzu, mu da raƙuman Buzaye, ku in kun gama ku yi na kudu. Kuma a raba kayan nan, kowace rijiya da nata, kowace rijiya da mutumin da zai kira jama'a in an ga hayaƙi, ba sai an aiko gari ba. Daga wurinmu zuwa nan tafiya ce. Wuta ba za ta jira a nemo makulli ba."

Na ga wasu dattawa suna gyaɗa kai. Na san maganarsa gaskiya ce, wallahi na sani tun bai rufe baki ba. Amma zancen Hashimu yana kunnena. Sai na ɗauko abin da na san ba zai iya karewa ba.

"Kun ji ko?" na ce. "Bawa yana so a raba gadon ubangidansa tun ubangidan yana da rai! Ja'e, in na ba ka shebur me za ka yi da shi? Tatsarsa za ka yi?"

Aka fashe da dariya, Hashimu har da dukan cinya.

"Isuhu," in ji Ja'e, "yau ba wasa na zo yi ba."

"Yaushe Bafulatani ya san bambancin wasa da gaske? Ku ba shi fura, yunwa ce ke sa shi mafarkin sarauta."

Dariya ta ƙaru. Ja'e ya dubi zauren, ya dube ni. Ba shi da hanya. In ya ɗaure fuska, an ce Bafulatani ya yi fushi da Babarbare, ya kunyata danginsa. Sai ya yi murmushi, ya ce lalle bawan nan ya yi ƙiba, ya mayar da malfarsa, ya fita da mutanensa. Aka tashi taro ba a yanke komai ba, mutane suna fita suna maimaita zancen tatsar shebur.

Uwarku Abu tana bayan katanga tana sheƙe hatsi, duk ta ji. Da na shiga gida ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, yau ka ci amanar wasa."

"Wasanmu ne na gado, ina ruwanki?"

"An yi shi don a kashe faɗa. Kai ka toshe bakin mutum da shi. Allah ya sa kada mu gani."

Na ce mata ta kula da hatsinta.

Ba a daɗe ba aka gayyace ni Damagaram, taron ƙungiyoyin sa kai. Na sa babbar riga na hau mota, makulli yana aljihuna. Abu ta ce in bar mata shi, na ce kayan ƙungiya ba tukunyar miya ba ne. A can aka sa mu kashe wayoyinmu, aka ba mu riguna masu rubutu a baya, aka kira sunana, na fita aka tafa, aka ba ni takardar nan da kuke nuna wa baƙi. Na yi jawabi a kan haɗin kai. Ina tsaye ana ɗaukar hotona, a daidai lokacin daji yana ci.

Abin da ya faru, daga bakin Abu na ji. Da hantsi ƙanen Ja'e ya shigo gari a kan babur, fuskarsa duk toka, yana ihu wuta ta tashi gabas da rijiyoyi. Mutane suka bar gonaki suka taru a ƙofar magaza. An kira wayata, a kashe. Sai Hashimu ya tsaya a gaban ƙofa ya baje hannuwa.

"Ba mai taɓa kayan ƙungiya ba da izinin furzidan ba. Wa zai amsa in ya dawo?"

Ku ji fa. Manyan mutane masu gemu, suna ganin hayaƙi ya tokare sama, suka tsaya suna gardama a gaban kwado da bai kai tafin hannu ba. Wani ya ce a fasa, wani ya ce a ƙara gwada waya, wani ya ce a nemi maigari, maigari kuma yana gona. Ba tsoron wuta ya tsayar da su ba, tsoron ɓacin raina ne. Ni na koya musu haka. Shekaru na yi ina koya musu cewa ba wanda ke da kai sai ni, kuma sun koya da kyau.

Abu ce ta fito da taɓarya.

"Hashimu, matsa."

"Uwargida, wannan ba maganar mata ba ce."

"To maza sun gama tasu? Matsa, ko in fara da kai."

Ta doke kwadon har ya faɗi. Aka kwashi kaya, aka ɗaura jakuna a amalanke, aka cika jarkoki. Amma jaki jaki ne, rairayi kuma rairayi ne. Kafin su isa, iska ta riga ta kai wutar inda take so. Babu layin da zai tare ta, don ba a share ba. Ja'e da mutanensa da rigunansu suka yi ta dukanta, da sanduna, da ƙasa a tafin hannu. An kori manyan shanu sun tsira. 'Yan maruƙa kuwa suna ɗaure a igiyarsu kusa da bukkoki. Ja'e ya shiga cikin hayaƙi yana kwance su ɗaya bayan ɗaya har hannuwansa suka ƙone, bai kai ƙarshen igiyar ba.

Washegari na dawo. Tun kafin mu kai Tanut na ji labari a mota, daga bakin wanda bai san ni ba, yana cewa wai shugaban ya tafi yawo da makulli. Na naɗe rigar nan mai rubutu na tura ta ƙasan jaka. Ban tsaya gida ba, na sa aka kai ni arewa. Ƙasa baƙa ƙirin, hagu da dama, ba ko tsinke, sai kututturan ƙaya suna hayaƙi. Na tarar da Ja'e zaune a gindin wata aduwa da ta tsira, an naɗe masa hannuwa da tsumma. Sai bakina ya tafi inda ya saba.

"Bawana, ashe wuta ma ta ƙi cin naman Bafulatani."

Ya yunƙura ya miƙe tsaye, ya ɗan rusuna.

"Sannu da zuwa, furzidan. Ranka ya daɗe. An dawo lafiya?"

Da ya zage ni, da ya ɗaga sanda ya buge ni, da na ji sauƙi. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo mini ruwa, kamar baƙon da ya zo daga meri, ofishin magajin gari. Sannan ya nuna wasu shanu da aka ware gefe.

"Ga naka nan, ba wadda ta yi ko ƙwarzane. Sai dai ka nemi wani ya riƙe maka. Ba ni da ciyawar da zan ba su. Mu kudu za mu yi."

Na kora shanuna na dawo gari da ƙafa.

A taron da ya biyo baya ne raina ya gama ɓaci. Na zaci za a tuhume ni, na shirya wa haka. Sai Hashimu ya miƙe ya ce abin da ya faru ƙaddara ce, ba mai tsallake ta, furzidan ba shi da laifi tunda aikin ƙungiya ya tafi yi. Ya ƙara da cewa abin da ya kamata a duba shi ne yadda aka fasa magaza ba da izini ba, a ja wa mata kunne don gaba. Kuma wallahi na ga kawuna suna gyaɗawa, kawunan nan da suka gyaɗa wa Ja'e, suka kuma yi masa dariya.

"Hashimu, zauna," na ce. "Ƙaddara ce ta sa makulli a aljihuna? Ƙaddara ce ta tsayar da kai a bakin ƙofa? Mutum ya zo nan ya cire malfarsa ya faɗa mana abin da zai faru, na mayar da shi abin dariya, ku kuma kuka taya ni. Ba ɗayanku da ya ce, Isuhu, bari ya gama. A garin nan kaf mutum guda ne ya yi aikin ƙungiya ran nan, ita ce kuke so a ja wa kunne."

Na ciro makullin, wanda ba shi da kwadon da zai buɗe yanzu, na ajiye a kan tabarma. Na ce na sauka. Sai aka hau ba ni haƙuri, ana cewa in ba ni ba wa zai iya, ƙungiya za ta mutu. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Daji ya ƙone saboda komai yana hannun mutum guda, su kuma maganin da suka gani shi ne a roƙi mutumin nan ya ci gaba da riƙewa. Na ce musu in ƙungiya ba za ta rayu ba sai da ni, gara ta mutu yau kowa ya san ba shi da ita, ya daina dogara.

Ba ta mutu ba. Mun yi zama da yawa, da gardama, wasu sun yi fushi sun fita, Hashimu na cikinsu. A ƙarshe abin da Ja'e ya faɗa shi aka yi, ba a rage komai ba. Aka raba kaya, kowace rijiya da nata, a ƙarƙashin rumfa, ba ƙofa balle kwado. Kowace rijiya ta zaɓi jagoranta, wanda in ya ga hayaƙi zai kira mutane ba tare da ya tambayi kowa ba. Makiyaya su share layin arewa lokacin girbi, manoma su yi na kudu in sun gama. Mata suka karɓi aikin ruwa, Abu ce shugabarsu har ƙafafunta suka gaza. Shugaba ba ya dawwama, in ya yi 'yan shekarunsa ya sauka wani ya hau, kuma taro yana zagayawa, yau a gari, gobe a rijiya. Mutanen daji su ke fara magana, tunda su ke da nisa. Akwai kuma doka guda da ni na roƙa a sa: in mutum ya miƙe da maganar aiki, ba Bafulatani, ba Babarbare, ba wasa, sai an ba shi amsa. In an tashi, kowa ya zagi bawansa yadda yake so.

Da kaka ta zagayo wuta ta sake tashi a arewa. Ta ci kaɗan ta iso layi ta mutu, mutanen rijiya suka ƙarasa ta da buhuna. Ni sai a kasuwa na ji labari, bayan kwana biyu, wajen mai sayar da gishiri. Ba wanda ya aiko mini. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya sosa mini rai, na dawo gida ina ƙunƙuni. Abu ta dube ni ta yi dariya.

"To, Malam, so kake su bar ta tana ci su zo su gaishe ka?"

Ja'e ya dawo daga kudu da shanun da ba su kai rabin waɗanda ya tafi da su ba. An ba shi jagorancin rijiyarsu ya ƙi, ƙanensa ya karɓa. Na je na ba shi haƙuri a gaban mutanensa, da sunansa na kira shi, ya ce ba komai, ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Amma har yau, in ya shigo kasuwa da hannuwan nan nasa da yatsunsu ba sa miƙewa, zai tsaya a gabana ya tambayi lafiyata da ta iyali, ya yi mini addu'a, ya wuce. Na sha tsokanarsa. Na ce masa ɗan daji, na ce masa mai warin nono. Sai ya yi murmushi ya ce, "Allah ya ja kwana, Malam Isuhu."

Ku da za ku riƙe wani abu na jama'a wata rana, ko da ƙungiyar share makabarta ce, ina roƙonku kada ku bi sawuna. Kada ku bar makulli ya kwana a aljihunku ku kaɗai. Kuma in wanda kuka saba wasa da shi ya cire malfarsa ya ce yau ba wasa ya zo yi ba, ku rufe bakinku ku saurare shi har ya gama. Takardar da ke ɗakina kuma, in baƙo ya tambaya, ku faɗa masa ranar da aka ba ni ita da abin da ke ci a arewa a ranar. Ni dai kowace kasuwa ina zaune a inda na saba, ina jira ko tsohon nan zai manta ya ce mini bawansa.